Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hob ɗin Keken Baba

Makon jiya mun tsaya a inda na jawo tsohon keken Baba daga bayan ɗaki, a wata na huɗu da rasa aikina. Wasu sun tambaye ni me zan yi da ɓaragurbin keke alhali abin da nake nema aiki ne. Ni ma a lokacin ban sani ba. Zaman banza ne ya ishe ni, hannuna yana ƙaiƙayin abin yi.

Ƙafar baya ta fi ko'ina lalacewa. Rim ya ruɓe, wayoyin sun yi ja, hob ɗin da ke tsakiya kuwa tsatsa da busasshen mai sun lulluɓe shi har ba a gane kamanninsa. Ban tsaya wata-wata ba na ɗauko filaya na bi wayoyin nan na datse su ɗaya bayan ɗaya. Cikin minti goma hob yana hannuna, ina ta jin kaina gwani.

Baba yana zaune a inuwa. Idanunsa sun yi rauni shekara uku ke nan, amma kunnensa garau.

"Kai, me nake ji kana tsinkewa?"

"Wayoyin ne, Baba. Duk sun mutu."

"Ka kwance cikin hob ɗin kafin ka yanke su?"

Na yi shiru. Ya girgiza kai ya ce, "To, ka sare reshen da kake zaune a kai."

Sai daga baya na gane nufinsa. Hob ɗin mai giya uku ne, kuma kayan cikinsa wani zobe mai zare ne ke riƙe da su ta ɓangaren sarƙa. Ana kwance zoben ne da guduma da 'yar kurfi, alhali ƙafar tana haɗe, domin ita ce madafar da za ka riƙe. Ni kuwa na bar kaina da dunƙulen ƙarfe mai santsi, ina bugunsa yana juyawa a hannuna. Kwana biyu na yi a kan wannan wauta. A ƙarshe na naɗe shi da tsohuwar robar cikin taya, na matse shi tsakanin katako biyu da dogayen kusoshi masu noti, na ɗiga masa kananzir safe da yamma.

Kafin zoben ya saki na shiga goge bayan. Baba ya hana ni taɓa shi da samfefa, ya ce za ta cinye farin ƙarfen da aka shafe shi da shi. Na cukuikuye takardar alminiyam, ina tsoma ta a ruwa ina murzawa a hankali. Jan ruwa ya riƙa gangarowa, sai ga rubutu yana fitowa: Sturmey-Archer, England, AW. A ƙasa kuma lambobi, 76 da 4. Kamfanin nan asalinsa na birnin Nottingham ne a Ingila, tun 1902 yake ƙera giyar cikin hob, wannan samfurin na AW kuma tun 1936 ya fito. A wancan zamani al'adarsu ce su buga shekara da wata a jikin kowane hob. Ke nan namu an ƙera shi a watan Afrilu na 1976. Baba kullum cewa yake shekarar da aka haife ni ya sayi keken, ashe hob ɗin ya ba ni shekara biyu. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ai sai ka riƙa gaishe shi, yayanka ne."

Rana ta uku zoben ya motsa. Kafin in ci gaba da juyawa Baba ya sa na yi alama a jikinsa da jikin hob, saboda zarensa baki biyu ne, kana iya mayar da shi ta bakin da ba nan ya fito ba. Na zaro kayan ciki gaba ɗaya. Wari ya bugi hancina. Man da aka zuba tun ina makarantar firamare ya daskare ya zama baƙin danƙo. Amma abin mamaki, danƙon nan shi ya tsare ƙarfen. Tsatsar duk a waje ta tsaya, sai ɗan abin da ruwa ya ci a bakin hagu.

Na jiƙa komai a kananzir cikin tsohon kwano. Kada wanda ya ce zai yi wannan da fetur, musamman a cikin gida. Tururinsa kaɗai ya isa ya kama wuta. Da tsohon burushin haƙori na bi kowane lungu, kuma a nan na fara ganin hikimar abin. A jikin aksul akwai giya ɗaya mai haƙori 20 wadda ba ta motsi. Ƙanana huɗu suna zagaye ta, su ma 20-20, dukkansu kuma suna cikin wani babban zobe mai haƙori 60 ta ciki. Daga wannan 20 da 60 ɗin lissafin ya fito. A giya ta biyu, yadda ƙaramar giyar sarƙa ta juya haka ƙafa za ta juya. A ta ɗaya ƙafa tana rage kwata, don hawan tudu. A ta uku tana ƙara kashi ɗaya cikin uku. Na daɗe ina juya shi a tafin hannuna kamar yaro ya samu abin wasa.

Boris ɗin da ke kwance cikin zoben dama guda 24 ne, ƙanana, 3/16 na inci. Na ƙirga su sau uku a kan farin tsumma. Na gefen kon kuwa, wato notin nan mai tsini da boris ke birgima a kansa, kwata inci ne, suna cikin 'yar ragarsu. Kon ɗin hagu na duba na ce lafiya lau. Baba ya miƙo hannu, ya bi hanyar boris da farcen babban yatsa, ya tsaya cak a wuri ɗaya.

"Nan ya ci."

Na kai shi rana na ƙura ido, sai ga 'yan ramuka uku kamar an soka allura. Ba abin da goga za ta yi wa wannan. Kon da ya yi rami sai dai a sake shi, in ba haka ba sabon boris ma cinye shi zai yi. Notuna da wasoshi na bar su kwana ɗaya a ruwan khal, na ɗauraye, na busar, na shafa musu mai nan take, domin ƙarfen da ya fito daga tsami ko awa ba ya yi zai sake yin ja.

Sai kuma abin da ya kusa sa ni kuka. A ciki akwai 'yan harsunan ƙarfe huɗu masu cafke haƙora, kowanne da sifirin ɗinsa, siriri kamar gashi. Ina mayar da na uku, ya yi tsalle daga yatsana, fit, ya ɓace. Na rarrafa na lalube tsakar gida har gwiwata ta yi fari. Uwargida ta tsaya tana kallona, ta ce, "Maigida, ko dai a kira maka mai magani ne?" 'Yata ce ta cece ni. Ta ɓalle maganaɗisu daga wata matacciyar rediyo, ta ɗaura masa zare tana ja a ƙasa. Ya kwaso ƙusoshi biyu, da allura, da sifirin ɗina maƙale a gefe.

Wajen haɗawa na cika yatsa da giris zan cusa ko'ina, Baba ya ce a'a. Giris na boris ne kawai. Ciki mai yake so, mai ruwa-ruwa, ta 'yar ƙofar da ke bayan hob. In giris ya kama harsunan nan, wata rana za ka taka feda ka ji wayam.

Ɗaurin kon shi ne aikin da Baba ya karɓa daga hannuna. Na dama ya murza da yatsa har ya tsaya, ya dawo da shi rabin juyi, ya ce in kulle. Daga nan ba a sake taɓa shi, duk gyara ta hagu ake yi. Ya riƙe aksul da yatsu biyu, idonsa a rufe, yana girgizawa. "Sassauta kaɗan. Ya yi yawa. Dawo." Sau shida muna haka. Ni ban ji bambancin na biyar da na shida ba, shi ya ji. Tun da na rasa aiki ban zauna da shi na awa guda cur ba, kunya nake ji, ina ganin kamar yana auna ni. Ranar nan har rana ta faɗi muna tare, bai ambaci maganar aiki ba ko sau ɗaya.

Na ɗiga mai, na juya. Tik, tik, tik, tik. Baba ya karɓa ya kai kunnensa, ya juya da kansa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya miƙo mini.

"Saura wayoyin da ka yanke. Ka auna tsawonsu kafin ka zubar?"

Ban auna ba. Yadda muka ƙare da wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.