Abin da shagon tace bidiyo ya koya mini kan tura fim zuwa talabijin

Hanya biyu ce ake kai bidiyon da ke cikin kwamfuta zuwa talabijin ba tare da kebul ba, kuma yawancin zagin da manhajoji ke sha daga rashin bambance su yake tasowa. A shagon tace bidiyon biki na gane haka, inda sai mun nuna wa mutane aikinsu a babban allo kafin su cika mana kuɗi.

Ta farko ita ce kwafar allo: duk abin da ke fuskar kwamfutarka shi talabijin zai nuna, har saƙon da ya shigo maka. Aikin Miracast ke nan, wanda ya fito a 2012. A Windows, ka danna maɓallin Windows tare da K. Ba wuya, sai dai kwamfutar ce ke ɗaukar hoton allonta, ta matse shi, ta aika nan take, don haka dole kyan hoton ya ragu. Leshin amarya mai ƙananan duwatsu sai ya yi dishi-dishi, wani lokaci hoto ya cije sauti ya wuce. Uwar amarya kuwa ina ruwanta da Miracast? Cewa za ta yi, "Ɗan nan, haka ka ɗauko mana bikin?"

Ta biyu, fayil ɗin kansa ake miƙa wa talabijin ya buɗe da kansa. Tsarin DLNA, wanda Sony da wasu kamfanoni suka soma a 2003, haka yake aiki, kuma talabijin da dama masu Wi-Fi suna da shi. VLC ma, manhajar kallon bidiyo, tun fitowa ta 3.0 a 2018 yake iya tura bidiyo zuwa Chromecast, 'yar na'urar Google da ake jonawa a jikin talabijin. Hoto ya fi fita tas ta nan, amma da sharaɗi: sai talabijin ya iya karanta abin da aka ba shi.

Nan ne mutane ke ruɗewa. MP4 da MKV kula ce kawai, abincin da ke ciki daban. Tsarin da aka matse hoton da shi yana iya zama H.264 ko H.265, na sautin AAC ko DTS. Tsohon talabijin sai ya ƙi H.265 ƙememe, wani kuma ya nuna hoto ba murya. Plex da Jellyfin, manhajojin da ke tura bidiyo daga kwamfuta zuwa talabijin, suna iya sauya fayil ɗin zuwa tsarin da talabijin ke karantawa ana cikin kallo, amma tsohuwar laftof sai ta ɗau zafi, fankarta na ihu, bidiyo na tsinkewa. Abin da na fi yarda da shi, in fitar da kwafi ɗaya na H.264 da AAC tun da wuri, ko da HandBrake ne, manhajar sauya tsarin bidiyo. Da wuya ka ga talabijin ya ƙi wannan.

Sai maganar ko turawar na cin data, wadda kowa ke tambaya. Wi-Fi daban, intanet daban. Bidiyon daga kwamfuta zuwa rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, yake bi ya shiga talabijin, bai fita ɗakin ba, don haka DLNA na aiki ko babu sabis. Miracast ma ko rautar ba ya buƙata. Chromecast ne mai son intanet kafin ya tashi, shi ya sa ban cika dogara da shi ba, ga shi Google ya daina ƙera shi a 2024.

Idan talabijin ya ƙi bayyana a jerin na'urori, kafin a goge manhaja a duba ko su biyun suna kan rauta ɗaya. Bayan an ɗauke wuta an kawo, laftof kan koma kan Wi-Fi ɗin wayar wani ba a sani ba. A duba kuma ko Windows ta ɗauki layin a matsayin na jama'a, don a haka takan ɓoye kwamfutar. In rautar na da zangon Wi-Fi na 5GHz a hau shi, 2.4GHz cunkoso gare shi, musamman a jerin shaguna. Babban fayil na 4K da ba a matse ba kuwa, ba na wahalar da kaina, kebul ɗin HDMI nake jonawa.