Gem ɗin da ake cewa na yara ne

Akwai maganar da nake yawan ji wajen 'yan gem, da an ga gem mai kama da katun sai a ce ai wannan na yara ne, girafik ɗinsa ba kyau. Gaskiya abin na ci min rai, don mutane sun ɗauka sai gem ya yi kama da hoton kyamara sannan ya yi kyau, wanda bai yi hakan ba to wai kamfanin ne ya gaza.

Ku duba abin da ya faru da kamfanin gem na Nintendo. A 2001 suka nuna sabon gem ɗinsu na Zelda, The Wind Waker, sai ga Link, jarumin gem ɗin, da ƙaton kai da dara-daran idanu, masoya suka yi ta kumfar baki saboda a 2000 an nuna musu Link babba yana gwabzawa da Ganondorf, mugun cikin gem ɗin, kamar da gaske, shi suke jira. Gem ɗin ya fito a Japan ƙarshen 2002 a injin Nintendo mai suna GameCube, daga baya a 2006 aka ba su wani Zelda mai suna Twilight Princess mai duhu-duhu irin wanda suke so. To kunna su yau ka gani, Wind Waker tekunsa shuɗi shar, hayaƙin bam na murɗewa kamar an zana da alƙalami, kuma idanun nan da aka yi ta zagi ashe aiki suke, in ka shiga ɗaki Link zai riƙa juya ido yana kallon abin da ya kamata ka lura da shi. Shi kuwa Twilight Princess duk da ina sonsa, bango da ƙasa duk sun yi dishi-dishi.

Dalili kuwa, mai bin kamannin gaske tsere yake da inji, da sabon inji ya fito sai asirin tsohon ya tonu. Lokacin PS2 a gidan gem rantsuwa muke wannan Ronaldinho ne sak a gem ɗin ƙwallo na PES, yanzu in ka kalli fuskar kamar mutum-mutumin da ake sa wa kaya a shago.

Amma fa akwai gem ɗin da in ba a yi shi kamar gaske ba to an cuce shi. Red Dead Redemption 2 na 2018, yadda tarin tibi ke cin Arthur, jarumin gem ɗin, a hankali, fuska na faɗawa, idanu sun yi jawur, tun kafin ya buɗe baki ka san jiki ya ƙi, wallahi wurin ya taɓa ni sosai kuma ban ga yadda zai yi min haka da fuskar katun ba.

Shi kuwa gem ɗin Okami na 2006 da kamannin gaske masu yin sa suka fara shi, sannan suka koma zanen tawada irin na Japanawan da, har burushin zanen ya zama makaminka, ka tsayar da wasa ka ja layi ya sare bishiya, ka zana da'ira a sama rana ta fito. Wanda bai taɓa bugawa ba ya nema, akwai na HD a PS4 da Switch da kwamfuta.