Yau Auta ta fasa mana ƙwai

Laraba.

Hirarmu ta 'yan ƙungiyar karatu kullum iri ɗaya take farawa: an tashi lafiya, ya gajiya, ya mai jiki, sannan wani ya tambaya kowa ya kai ina a littafin wata. Yau ko gaisuwar ba a gama ba gari ya ɗau zafi. Autarmu, ɗalibar jami'a ce da ta shigo cikinmu kwanan nan, ta kwana tana karatu har ta kai bangon ƙarshe, da asuba kuwa ta rubuto mana cewa, "Wayyo Allah, ashe shi ma mutuwa zai yi!" Ba ta tsaya nan ba, har sunansa ta kama. Ba zan faɗi sunan littafin a nan ba, kada ni ma in yi wa wani abin da aka yi mana.

Yawancinmu ko rabi ba mu kai ba. Baba Malam, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, yana babi na shida, domin shi da biro a hannu yake karatu, yana ja wa jimla layi, yana rubutu a gefen shafi. Amsarsa gajeriya ce: "'Yata, kin kyauta." Duk wanda ya san shi ya san wannan ta fi faɗa ciwo. Yarinya ta rikice, ta goge saƙon, ta turo murya tana cewa, "Don Allah Baba ka yi haƙuri, wallahi zumuɗi ne ya kwashe ni." To amma magana zarar bunu ce. Wanda ya gani ya riga ya gani.

Na tafi aiki da haushi a raina, don mutumin da ta ce zai mutu shi na fi so a duk labarin.

Wajen ƙarfe goma na sake leƙawa, na tarar zance ya canja salo. Dokta, wanda ya karanci halayyar ɗan Adam kuma ba ya barin muhawara ta wuce shi, ya zo yana kare Auta. Ya ce a 2011 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt, sun ba ɗalibai gajerun labarai 12 su karanta. Wasu an fara gaya musu yadda labarin zai ƙare, wasu ba a gaya musu ba. Da aka tambaye su, waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun, har a labaran da duk armashinsu yana ga gano wanda ya yi kisa. Dokta ya ce saboda haka kamata ya yi mu gode wa Auta, ba mu yi mata ca ba.

Baba Malam ya ce, "Dokta, su ɗaliban nan, su suka zaɓi labarin? Sun yi mako biyu suna kwana suna tashi da mutanen ciki?" Dokta ya amsa cewa a'a, gajerun labarai ne da ake gamawa a zama ɗaya. Ya kuma yi adalci ya ƙara da cewa wasu masu binciken da suka biyo baya sun sami akasin haka, waɗanda aka tona wa ƙarshen suka ce daɗin ya ragu. Ni a nan na tsaya tare da Baba. Abin da ya shafi labari mai shafi biyar ba lallai ya shafi littafin da mutum yake ɗauka yana ajiyewa, yana tunanin mutanen ciki a kan hanya, yana yi musu fatan alheri kamar 'yan uwansa ba.

Sai Anti Nas ta jefo tata, wadda ta sa kowa dariya. Ta ce ita fa tun tana yarinya ba ta taɓa fara littafi ba sai ta buɗe shafin ƙarshe ta ga wa ya rayu, wa ya auri wa. Ta ce aikinta ya ishe ta fargaba, ba za ta dawo gida ta sake sayen wata da kuɗinta ba. Shekara nawa muna tare da baiwar Allahn nan, ba wanda ya san haka take yi, alhali ita ce ta fi kowa kuka in an zo wurin mutuwa a labari. Da aka tambaye ta to kukan na mene ne tunda ta riga ta sani, sai ta ce, "Yo ku yaranku ba sa sa ku maimaita musu tatsuniya ɗaya kullum? Ai sun san Gizo zai sha kashi, amma kullum sai sun ƙyalƙyale."

Maganarta ta zauna min. Sai dai akwai bambanci, kuma shi na rubuta musu lokacin hutun rana. Anti ita ta miƙa hannu ta buɗe shafin ƙarshe. Baba kuwa buɗe masa aka yi. Littafi ana iya maimaita shi sau goma, amma karatun farko, wanda mutum yake tafiya bai san abin da ke gaba ba, sau ɗaya ake samunsa, kuma mai shi ne yake da ikon ya ce ya yafe ko bai yafe ba. Dokta ya ce na yi magana kamar alƙali. Na ce ai gara haka da in yi kamar mai bincike.

Daga nan, kamar yadda muka saba, zance ya bar hanya. Wani ya ce laifin na masu saurin karatu ne, wata ta ce a'a, na masu jan ƙafa ne. Dokta ya sake zaro alƙaluma: wani masani a Jami'ar Ghent ta Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara bincike 190 a 2019, ya gano cewa babban mutum mai karanta Turanci a zuci yakan ci kalma 238 a minti ɗaya in rubutun ilimi ne, 260 in ƙagaggen labari ne, in kuwa a fili yake karantawa sai ta sauko zuwa 183. Auta, da ta soma samun bakin magana, ta ce to ita ta wuce nan nesa. Baba ya ce, "Na ga alama." Wannan ce dariyar farko da aka yi tare da shi yau.

Yaya Direba, wanda ke jan babbar mota kuma sauraren littattafansa yake yi a kan hanya, ya turo murya, ana jin ƙugin inji a bayansa. Ya ce shi ba shi da shafin ƙarshe da zai leƙa, ba shi da biro, sai abin da mai karantawa ya zuba masa a kunne. Nan wani ya tsokane shi da tsohuwar tambayar nan, wai sauraro ma karatu ne? Na gaji da wannan gardama. Tun shekarun 1930 aka fara ɗaukar littattafai a faifan garmaho a Amurka da Ingila saboda makafi, ciki har da sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya ce waɗannan mutane ba su san littattafan ba. Ban da haka, a cikinmu Yaya Direba ne ba ya manta wa ya ce me a wane babi.

Tsakanin azahar da la'asar ba a ƙara ambatar littafi ba. An yi wa wata barka da haihuwa. An yi wa wani jaje, ya ba da aron littafi an dawo masa da shi ba bango. Wata ta tambayi dabarar hana barci ɗauke mutum a shafi na biyu, aka ba ta shawarwari iri-iri, mafi amfani a ciki ita ce ta daina karatu a kwance. Akwai masu ƙorafin cewa irin wannan surutu ya yi yawa, wai mun taru don littafi ne. Ni ban yarda da su ba. Watan da na yi sanyi da karatu, ba sharhin kowa ne ya dawo da ni ba, tambayar Anti ce ta "ƙanwata, shiru kwana biyu, lafiya?"

Da dare na ɗauki littafin, raina bai so ba. Ina babi na takwas. Akwai wurin da mutumin nan ya cire agogonsa ya ɗaura wa ƙaramin ɗansa, agogon ya yi wa yaron yawa yana zamewa har gwiwar hannu, uban ya ce ya ajiye, wata rana zai yi masa daidai. Da jiya ne na karanta wurin, da wucewa zan yi ina murmushi. Yau sai da na rufe littafin na ɗan zauna. Na koma baya shafi uku, na ga ashe tun can marubucin yake ta ajiye alamu: bashin da mutumin ya dage sai ya biya kafin lokaci, da makwabcin da ya je ya nemi gafararsa ba gaira ba dalili. Wato Dokta yana da tasa gaskiyar, na ga abin da da ban gani ba. Amma na kasa yi wa mutumin fatan tsira, kuma wannan fatan shi ne yake sa ni ɗokin dare ya yi. Ban gaya wa Dokta kashin farko ba, don kada kansa ya ƙara girma.

Kafin a watse shugabarmu ta kafa doka: duk mai son yin magana a kan labari ya fara rubuta lambar babin da ya kai a sama, ya bar fili, sannan ya faɗi abin da zai faɗa, wanda bai kai nan ba ya tsallake. Wanda ya gama kuma ya riƙe bakinsa har ranar tattaunawa, ko ya nemi ɗan uwansa da ya gama su yi ta kukansu su biyu. Auta ce ta fara amsawa da "an gama, Hajiya." Baba Malam ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: littafin wata mai zuwa shi zai zaɓa, kuma ya riga ya ware wani mai shafi sama da ɗari shida. Anti Nas ta ce a turo mata sunansa tun yanzu, ta leƙa ƙarshen ta ga ko zai yiwu.