Daga Bichi zuwa Kano da mai shanyewar ɓarin jiki

Mun bar Bichi bayan sallar asuba, ina kujerar baya riƙe da dattijon, ɗansa yana tuƙi. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, harshe ya yi nauyi. Kafin mu tashi na tambayi matarsa yaushe aka gan shi lafiya lau na ƙarshe, ta ce lokacin alwala. Na rubuta lokacin, domin allurar narkar da daskararren jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon ake yin ta. Na kuma soki yatsansa na auna suga, don saukar suga kan kawo irin waɗannan alamu. Sugan yana daidai.

A hanya na kwantar da shi ta gefe, na ɗan ɗaga kansa. Ɗan ya miƙo ruwan leda, na hana. Mai wannan ciwo maƙogwaronsa kan kasa haɗiya, ruwan ya zarce huhu ya zama nimoniya. Ƙwayar hawan jini ma na hana, duk da awon ya kai 190/105, saboda saukar da jini farat ɗaya yana rage wanda ke isa ƙwaƙwalwar da ta riga ta galabaita.

Muna cikin cunkoson Dawanau ɗan ya ce, "Malam, shekaranjiya ma Baba ya yi haka, minti goma ya warware, muka ce iska ce." Ai ranar ya kamata a yi wannan tafiya. Jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe ta sake buɗewa, kuma haɗarin cikakkiyar shanyewa ya fi yawa a awa 48 na farko.

Muka ratsa Kurna muka nufi titin Zariya, Asibitin Malam Aminu Kano. Hoton ƙwaƙwalwa na CT shi ke raba gardama tsakanin toshewar jijiya da fashewarta, ido ba ya iya bambancewa, kuma asfirin da ke taimakon na farko yana iya ƙara wa na biyu zubar jini. Hoton bai nuna jini ba. Aka gwada haɗiyarsa da cokalin ruwa, ya wuce ba tari, sannan aka ba shi asfirin miligiram 300, aka tura shi gwajin bugun zuciya na ECG a duba ko daga can gudan jinin ya taso.