Abin da na kwaso kafin na ajiye wasan kwaikwayo da ƙungiyarmu

Tunda ana ta tambayata ko faɗa aka yi, to ba faɗa aka yi ba, gajiya na yi kawai. Amma bari in faɗi abin da na koya ko zai amfani yaran da suka shigo bayanmu.

Matsalata da daraktanmu ɗaya ce tun farko, shi a wajensa ɗan wasa kaya ne da murya. In an ce kai mugu ne sai a ba ka baƙaƙen kaya ka riƙa zare ido, in attajiri ne ƙaton agogo da dariyar ƙasaita, in kuwa mai gadi ne to dole ka zama wawa. Shi ya sa duk wasanninmu mutanen nan ne dai suke yawo a ciki suna canza suna.

Da aka ba ni rol ɗin mai gadi sai na ce wallahi wannan karon sai na yi masa rai. Na zauna na tambayi kaina me mutumin nan yake so a duniya, sai na tsayar cewa yana da ɗa a makaranta kuma ba ya son ɗan ya san aikin da yake yi. Daga nan komai ya fito da kansa. In wayarsa ta yi ƙara sai ya dunƙule makullan gidan a tafin hannu don kar a ji kacau-kacau ɗinsu, ya gyara murya, ya ce yana ofis. In an buga ƙofa sai ya leƙa ta kafa tukuna kafin ya buɗe. Ban ƙara ko layi ɗaya a sikirif ba, wato rubutaccen wasan, banda wancan "ina ofis". Ranar rihasal wurin ya yi tsit, har mai kyamara ya ɗago kai, sai darakta ya ce a gaban kowa, "Malam wa ya aike ka? Dariya mutane suka zo yi, ka faɗo daga kan benci kawai." Na faɗo daga kan bencin. Ba a jima ba a wani wasan sai ga dunƙule makullan nan a hannun yaron darakta, ana ta yabon basirar darakta, ni kuma ina gefe ina riƙe wa wani lema.

Abin haushin, ba wani sabon ilimi na kawo ba. Stanislavski ɗan Rasha, wanda ya kafa gidan wasan kwaikwayo a Mosko shi da abokin aikinsa a 1898, abin da ya yi ta koya wa 'yan wasa ke nan, ka san me mutumin yake nema a kowace fitowa, sannan ka tambayi kanka da ni ne a wannan hali ya zan yi. Ko Charlie Chaplin, shahararren ɗan wasan barkwancin nan, da darakta yake yawan kafa hujja da shi wai kaya ne suka yi shi, e, tun 1914 yake da ƙaramar hula da matsattsen kwat da burgujejen wando da manyan takalma da sanda, amma abin da ya kama zuciyar mutane shi ne matsiyaci ne da yake ɗaukar kansa babban mutum, yana karkaɗe ƙura daga tsumma kamar zai ga sarki. Gizo ma ai ba tsamin bakinsa kaɗai muke tunawa ba, haɗamarsa ce da wayon da yake juye masa.

Sauran a taƙaice. In kana rubutu rufe sunayen ka karanta maganganun, in ba ka gane wa ke magana ba to mutum ɗaya ka rubuta. Mugu bai san shi mugu ba ne, ka ba shi hujjarsa. Ɗabi'a ɗaya ta isa, kar ka haɗa masa ɗingishi da in'ina da tari. Ka riƙa kallon mutane lokacin da suke sauraro, a nan halinsu yake fita.

Kuma don Allah duk dabarar da ka ƙirƙira ka nuna ta gaban shaidu, in da hali ka ɗauka a waya. Shi yaron da aka ba makullan har yau kaɗa su yake yi don a yi dariya, ba wanda ya gaya masa dalilin dunƙule su.