Talata, a bakin madatsa

Ruwa ya ja baya sosai da wannan bazarar, shi ya sa yau aka iya zagaya gindin tsohuwar madatsar makarantar koyon aikin gona da gadar ƙafa da ke bisa magudanarta. Mai unguwa ya zo da hantsi, damuwarsa gada: "Injiniya, ta nan 'yan makaranta da masu kai amfani kasuwa ke bi." Na ce ranka ya daɗe, gadar mai sauƙi ce, ciwon yana jikin ƙasar madatsar.

A bayan madatsa akwai wurin da ruwa ke tsattsafowa. An tara a kwalba, aka bar shi ya kwanta, sai ga laka a gindi. Da garau ya fito da sauƙi, kusan kowace madatsar ƙasa tana ɗan yoyo. Mai laka kuwa cikinta yake kwashewa, ramin na faɗaɗa ba a gani. Wanda ya san ɓallewar madatsar Bagauda ta Kano a 1988 ba ya wasa da wannan. Musabbabin yoyon nan namu bai ɓuya ba: shurin gara biyu, da kututturen darbejiya da saiwarsa ta ruɓe ta bar hanya.

An tone su har inda ƙasa ta yi tauri, aka sassare gefen ramin hawa-hawa don sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa. Cikon yumɓu ne, santimita 15 a kowane shimfiɗi, a daɓe kafin a ƙara. Gwajin danshi a hannu yake: a dunƙula, ya haɗe ba ya ɗiga. Leburori sun fi son juye baro biyar lokaci guda, saman ya daɓu, ƙasan ya zauna sako-sako, damina ta tona asiri.

Bayan azahar aka koma gada. Rodi ya yi tsatsa ya kumbura, shi ya tsattsaga kankaren. An farfashe duk inda ya yi ƙarar fanko, an kankare rodin da buroshin waya, wanda ya sirance an ɗaura masa sabo. Kwaɓin gobe buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, a bar santimita 4 tsakanin rodi da katako. Ban ruwa kwana 7, ƙarfinsa sai kwana 28, don haka ba mai hawa da babur.

Jemar da za a dasa a bayan madatsa sai ruwan farko ya sauka.