Talata: Yau na koma

Kwana goma sha shida ban taka wurin motsa jiki ba. Na ƙirga su jiya da dare a jikin kalandar da ke bangon shagona, inda nake sa alama da alli duk ranar da na je. Alamomin sun jeru tun watan Oktoba, sai ga fili fetal kamar gonar da aka bari ba shuka. Ɗinkin biki ne ya fara tsare ni, kaya sun taru, amare na jira, ina kaiwa ƙarfe ɗaya na dare a kan keke. Amma aikin kwana shida kawai ya ci. Sauran goman kunya ce. Kullum na yi niyyar fita sai in tuna za a ce mini "kwana biyu", in ja bargo.

Da asubar nan sanyin hunturu har cikin ƙashi, hazo ya rufe unguwa. Muna idar da salla ina neman takalmina, sai Baba Alhaji maƙwabcinmu ya dafa kafaɗata. Ya haura shekara sittin, ya yi ritaya daga aikin koyarwa, kuma shi ya fara kai ni wurin nan. Bai tambaye ni dalili ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ina bakin ƙofarka nan da minti goma." Na ce, "To Baba." Ba a yi wa irinsu musu.

Na shiga gida na tarar maiɗakina ta riga ta ajiye mini takalmin gudu da gorar ruwa a bakin ƙofa. Ashe kullum tana ajiyewa, duk kwanakin nan, in ta ga rana ta fito ta kwashe ta mayar ba ta ce komai ba. Wannan ya tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutun nan.

A ƙafa muka tafi, kowa ya naɗe hanci da rawani saboda ƙura. Wajen filin wasa na Muhammadu Dikko a nan Katsina, wanda har yanzu bakinmu ya fi sabawa da kiransa Karkanda, samari suna ta sassarfa rukuni-rukuni, ga wasu mata uku cikin hijabi suna tafiya da sauri a gefen titi. Baba ya ce shi bai san lokacin da mutanen garin nan suka fara ɗaukar gumi a matsayin ƙasƙanci ba. Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, har ƙasashen waje an san shi a wasan folo, ga 'yan dambe da 'yan kokawa da ake cika fili a kalla bayan kaka. Iyayenmu kuwa noma da jan ruwa da tafiyar ƙasa sun ishe su. Mu ne muka zauna. Ni kam daga kan babur sai kujerar ɗinki, daga kujera sai tabarma, shekara ashirin ke nan.

Abin da na ji tsoro bai faru ba. Mai horar da mu ya ɗago kai ya ce, "Maigida, barka da zuwa," ya ci gaba da gyaran wani ƙarfe. Babu wuta, don haka injin gudu a kashe yake, na hau keken da ake tuƙawa da ƙafa na yi minti goma sha biyu har jiki ya ɗumama. Da na nufi ƙarfen da na saba ɗagawa, mai kilo goma-goma, sai ya tare ni ya miƙo mini na kilo shida. Raina ya ɗan sosu, domin wata biyu na yi kafin in kai goman nan. Ya ce bayan hutu irin wannan numfashi ne ke fara ja baya, ƙarfin damtse bai cika guduwa da wuri ba, amma gaɓoɓi suna son a lallaɓa su, kuma wanda ya dawo da zafin nama shi ne jibi zai kasa ɗaga hannu, ya sake ɓacewa. Gaskiyarsa. Tsamin jiki ba a ranar yake tsananta ba, sai washegari ko bayan kwana biyu, na sha shi a farko har ruku'u sai da dabara.

Na yi tsugunno sau goma-goma har zagaye uku, na ja ƙarfe don baya, na ɗan yi na ciki. Minti arba'in duka. A zagaye na ƙarshe ƙafafuna suna rawa, sai fuskar mahaifina ta zo mini. Allah ya jiƙansa, shekara shida ya yi a kwance bayan hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Ni nake juya shi, ni nake masa wanka. Mutum ne da ba ya son a taimaka masa ko da ɗaukar buta, ya koma sai an ɗaga shi. Ranar da aka auna ni a watan Satumba aka ga 152 bisa 96, ma'aikaciyar jinyar ta ce abin da ya kai 140 bisa 90 ya shiga hawan jini, ban ji sauran bayaninta sosai ba, shi nake gani. Rai da ajali na Allah ne, wannan ban taɓa shakka ba. Amma jikin nan amana ne, kuma ba na so ɗana na fari ya yi ƙuruciyarsa yana juya ni a kan katifa alhali akwai abin da zan iya yi ban yi ba.

Likita ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, ya kuma gaya mini abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga manya: aƙalla minti 150 a mako na motsi mai sa numfashi ya ɗan hau, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. In an raba, rabin awa ne sau biyar. Ina ɓata fiye da haka a Facebook kafin in yi barci.

A hanyar dawowa na faɗa wa Baba cewa sha'awar abin ce ta fita daga raina. Ya ce, "Asuba da sha'awa kake tashi? Lokacinta ne ya yi ka tashi." Muka yi shawara: Litinin, Talata, Alhamis da Asabar, daga masallaci kai tsaye, ba komawa ɗaki, domin katifa ce ke cin mutum. Ranar da aiki ya yi yawa, ko minti goma sha biyar ne a yi, kada dai a bar ranar ba alama. Shi ma ya roƙe ni in riƙa buga masa ƙofa, wai gwiwarsa takan ba shi uzuri in ya kwana da sanyi.

Na karya da koko ba sukari da ƙosai huɗu. A shago na ɗinka riguna biyu, kuma duk awa ɗaya nakan miƙe in zaga bayan kanti in dawo, yaran shago suna kallona. Da la'asar cinyoyina suka fara tsami. Na ɗauki alli na sa alamar yau a kalanda. Na so in goge kwanakin da suka wuce fayau, sai na bar su yadda suke.

Alhamis ni zan riga Baba fita, in sha Allahu. Takalmin yana bakin ƙofa, yau da hannuna na ajiye shi.